Audu Bako: Gwamnan da ya sauya tafiyar ruwa daga dajin Falgore zuwa fadamar Haɗeja

Fiye da shekara 40 ke nan da rasuwar Alhaji Audu Bako, amma har yau da wuya a zauna hirar gwamnonin Kano ba a fara da sunansa ba. Babbar sakatariyar gwamnatin jihar sunansa take ɗauke da shi. Haka ma gidan ajiye namun daji da ke birnin, da wani babban titi, da kwalejin koyon aikin gona da ke Dambatta.

Abin da matasa da yawa ba su cika tunawa ba shi ne, Jihar Kano da ya mulka daga 1967 zuwa 1975 ta haɗa har da Jigawa ta yau. Gwamnan mutanen Riruwai ne a can kudu cikin duwatsu, kuma gwamnan mutanen Birniwa ne a can arewa maso gabas cikin rairayi.

Tsakanin waɗannan wurare biyu akwai kogi guda. Babban aikin rayuwar Audu Bako a kan wannan kogi ya yi shi, kuma mutanen da ke zaune a samansa da waɗanda ke ƙasansa har yanzu suna rayuwa ne da sakamakon shawarar da aka yanke a zamaninsa.

Haihuwar barikin 'yan sanda

An haifi Audu Bako a 1924 a barikin 'yan sanda na Kaduna. Mahaifinsa ɗan sanda ne da ya daɗe yana aiki, don haka yaron ya buɗe ido ne ya ga fareti da kaki da bin umarni. Ya yi karatun farko a Kaduna, sannan ya wuce makarantar Midil ta Zariya.

A 1942, ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Biyu, ya bi sawun mahaifinsa ya shiga aikin ɗan sanda. Ya koyar da dokokin aiki a Kwalejin 'Yan Sanda ta Kaduna, ya riƙa samun ƙarin girma, har ya kai ga riƙe muƙamin da ke sa ido a kan 'yan sandan En'e na Jihar Arewa, waɗanda jama'a suka fi sani da 'yan doka.

Wannan aiki ya sanar da shi yadda mulkin En'e yake tafiya daga ciki: ikon sarki da hakimi da dagaci, yadda ake karɓar haraji da jangali, da yadda doka take isa ga talaka a ƙauye. Ilimin ya yi masa rana daga baya.

Jihar da ya tarar

Ranar 27 ga Mayun 1967 Yakubu Gowon ya raba Najeriya zuwa jihohi 12, ya kuma naɗa Audu Bako gwamnan sabuwar Jihar Kano. Yana cikin 'yan sandan da aka ba wannan muƙami a Arewa, tare da Usman Faruk a Jihar Arewa maso Yamma da Joseph Gomwalk a Binuwai-Filato.

Lokacin ba mai daɗi ba ne. Rikicin 1966 ya sa ƙwararrun ma'aikata da yawa sun bar Kano, kuma makonni kaɗan bayan naɗa shi yaƙin basasa ya ɓarke. Jihar tana da masarautu huɗu, wato Kano da Haɗeja da Gumel da Kazaure, kowace da En'enta da baitulmalinta. Alhaji Ado Bayero ne Sarkin Kano, Alhaji Haruna Abdulƙadir kuma shi ne Sarkin Haɗeja.

Sabon gwamnan ya tara gogaggun 'yan siyasa da attajirai a majalisarsa, har da waɗanda a da ba sa ga-maciji da juna. Akwai Yusuf Maitama Sule na tsohuwar NPC da Tanko Yakasai na tsohuwar NEPU, kuma dukansu biyun sun taɓa riƙe ma'aikatar da ke kula da gandun daji a lokuta daban-daban. Akwai Aminu Dantata a ɓangaren ciniki da masana'antu, da Inuwa Dutse a aikin gona.

Ya yi wa tsarin En'e garambawul, ya mayar da wasu ayyukanta hannun gwamnatin jiha. Ya buɗe makarantu, ya matsa a kan karatun 'ya'ya mata, yana kafa hujja da koyarwar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo. Amma abin da ya fi ɗaukar hankalinsa shi ne ruwa.

Dalilin a fili yake. Kano jiha ce mai yawan jama'a da ƙarancin ƙasar noma, damina gajeriya ce, rani kuma doguwa. Arzikinta ya dogara ne da gyaɗa, gyaɗa kuwa ta dogara da ruwan sama. Da kaka ta wuce, samari sai su bazama cin rani. Gwamnan ya yi imani da cewa idan aka tare ruwan da ke wucewa da damina, manomi zai yi noma sau biyu a shekara a gonarsa.

Kogi guda daga dutse zuwa rairayi

Kafin a fahimci abin da ya yi, sai an bi kogin daga tushensa.

Kogin Kano yana tasowa ne daga tuddai da duwatsun da ke kudancin jihar, inda ƙasar ta fara hawa zuwa tsaunukan Jos. A nan ne duwatsun Riruwai suke, a ƙaramar hukumar Doguwa ta yanzu. Yankin ya fi sauran sassan jihar samun ruwan sama, kuma shi ne ya fi ko'ina duhun itatuwa.

Daga nan kogin yana gangarowa arewa, ya haɗu da Kogin Challawa kusa da birnin Kano, su zama Kogin Haɗeja. Ya wuce Wudil, ya ratsa ƙasar Ringim, ya isa Haɗeja. Daga Haɗeja ƙasa ta shimfiɗe, sai kogin ya rarrabu zuwa rassa, ciki har da Marma da ke zuba a tafkin Nguru da kuma Burum Gana. A can gaba ruwan yana haɗuwa da na Kogin Jama'are a wajen Gashuwa, ya zama Kogin Yobe da ke nufar Tafkin Chadi.

Kafin a gina madatsun ruwa, duk shekara wajen watan Agusta da Satumba ruwa yakan cika ya malale fadamar da ke tsakanin Haɗeja da Nguru da Gashuwa. Da rani kuma ya janye, rassan kogin da yawa su ƙafe. A kan wannan cika da janyewa mutanen yankin suka gina rayuwarsu tun kaka da kakanni.

Dajin da ke gadin madatsa

A saman kogin akwai dajin da a yau ake kira Falgore, wanda hanyar Kano zuwa Jos ta ratsa. Faɗinsa ya kusa murabba'in kilomita 1,000, kuma ya taɓa ƙananan hukumomin Tudun Wada da Doguwa da Sumaila.

Ba Audu Bako ne ya fara killace shi ba. Turawan mulkin mallaka ne suka mayar da shi gandun daji a shekarun 1940, da sunan Kogin Kano. Sun zo da tsarin ne tun daga dokar daji ta 1916 da ta 1937, waɗanda suka ba gwamnati da En'e ikon shata wani yanki su ce daga yau ba mai noma ko sara ko ƙona shi sai da izini. Bayan samun 'yancin kai, gwamnatin Jihar Arewa ta ci gaba da tsarin, ta kuma yi dokar kare namun daji a 1963. A cikin shekarun 1960 ne aka ɗaga matsayin dajin ya zama gandun namun daji.

Abin da ya sauya a zamanin Audu Bako shi ne amfanin dajin a idon gwamnati. Da aka yanke shawarar gina madatsar Tiga a gindinsa, sai Falgore ya tashi daga wurin ajiye itace da namun daji kawai, ya zama mai gadin madatsar.

Ga yadda abin yake. Idan ruwan sama ya sauka a kan gangaren da ke da itatuwa da ciyawa, ganye yana rage masa ƙarfi, saiwa tana riƙe ƙasa, ruwan ya gangara a hankali. Idan aka sare itatuwan, ruwan yakan kwashe ƙasar saman ya zuba a kogi. Duk yashi da taɓon da kogin ya ɗauko, a cikin tafkin madatsa yake kwantawa, ya riƙa cinye wurin da ruwa zai zauna. Madatsar da ba ta da daji a samanta, kwananta ƙidayayye ne.

Ta wannan fuskar, tunanin gwamnatin daidai ne. Itatuwan doka da maɗaci da kaɗanya da ɗorawa da suka rage a Falgore suna cikin dalilan da suka sa Tiga take aiki har yau. Gwamnan ya kuma so dajin ya zama wurin yawon buɗe ido, kamar yadda ya gina otal a bakin tafkin Bagauda da gidan namun daji a cikin birni.

Mutanen da ke gindin duwatsu

Sai dai dajin ba kango ba ne. Akwai Hausawa manoma da maharba a kewayensa, akwai Kurama da suka daɗe a tsakanin duwatsun, akwai Fulani da ke shigowa da shanu idan ciyawa ta ƙare a arewa. Riruwai kanta tsohuwar mahaƙar kuza ce. Tun kafin zuwan Turawa mutanenta suke narka kuza da gawayin itacen dajin, fatake su kai kasuwar Kano.

Ga waɗannan mutane, daji shi ne rumbu na biyu. A nan ake samun itacen girki da azara, da zuma, da 'ya'yan kaɗanya da kalwa, da sassaƙen magani, da nama idan an yi farauta, da sabuwar gona idan tsohuwa ta gaji.

Dokar gandun daji ta mayar da yawancin waɗannan abubuwa laifi, ko kuma abin da sai an nemi takarda. Dokar namun daji ta ƙara tsanantawa, domin ta haramta farauta a ciki. Mutumin da kakansa ya yi saran gona a gindin dutse, sai ya wayi gari malamin daji yana iya ƙwace masa gatari ya kai shi gaban alƙali.

Ruwan da aka nemi su kare kuwa ba ya komowa gare su. Magudanan Tiga suna shayar da gonakin da ke ƙasa ne, ruwa kuwa ba ya hawa tudu. Su ne aka ɗora wa nauyin barin daji ya tsaya, wasu ne suke noman rani da albarkarsa.

Wannan matsala ba a Kano kaɗai take ba. A daidai wannan lokaci, a 1973, mutanen ƙauyukan tsaunukan Himalaya a Indiya suka fara fitowa suna rungume itatuwa don hana 'yan kwangila sarewa, bayan da hukuma ta hana su amfani da dajin amma ta ba kamfani izini. A duk inda aka yi dokar daji ba tare da mazauna wurin ba, abin da yakan biyo baya iri ɗaya ne: mutane su daina ɗaukar dajin a matsayin nasu, kowa ya ɗebi abin da zai iya kafin a gan shi.

Bagauda da Tiga

A 1969, yaƙin basasa bai ma ƙare ba, aka fara gina madatsar Bagauda domin shayar da gonakin gwaji a Kadawa. Da aka ga abin ya karɓu, sai aka shiga babban aikin a farkon shekarun 1970.

An kammala madatsar Tiga a 1974. An gina ta ne don ta riƙe ruwan da ya kusa mita kubik biliyan 2, tafkinta kuma ya mamaye fili mai faɗin kusan murabba'in kilomita 180. Dubban mutane aka tayar daga garuruwa da gonakinsu a inda ruwan ya kwanta, aka sake musu matsuguni.

Ana cikin aikin ne farin 1972 zuwa 1974 ya afka wa yankin Sahel. Gero ya ƙone a gona, shanu suka mutu, jama'a suka yi ta kwararowa birane. Wanda duk ya ga wannan bala'i da idonsa, ba ya bukatar a yi masa dogon bayani a kan amfanin tara ruwa. Kuɗin man fetur ma ya fara shigowa da yawa daga 1973, don haka aka ci gaba da gina wasu madatsun a sassan jihar.

Amfanin ya bayyana kuma yana nan. Kadawa da Kura da Garun Malam da Bunkure sun zama cibiyar noman rani. Tumatir da alkama da albasa da shinkafa daga wannan yanki suna ciyar da kasuwanni har kudancin ƙasar. Birnin Kano, da miliyoyin mutanensa da masana'antunsa, yana shan ruwan da ake sakowa daga Tiga. Ba a banza ake kiran Audu Bako uban noman rani a Kano ba.

Abin da ya isa Haɗeja

Ruwan da aka tare a Tiga, ruwa ne da a da yake isa fadamar Haɗeja da ƙarfinsa a tsakiyar damina. A lissafin masu tsara madatsun wancan zamani, a Najeriya da sauran ƙasashe, ruwan da ya malale a fadama asara ce: rana ta shanye wani, ƙasa ta tsotse wani.

Mutanen fadama ba haka suke gani ba. Idan ruwa ya cika, ana noman shinkafa. Kifi yana shiga cikin ciyawa ya hayayyafa, masunta su kama, a banda shi a kai kasuwanni masu nisa. Idan ruwan ya janye, ana bin danshinsa da wake da sauran amfanin rani. Makiyaya suna samun ɗanyar ciyawa a lokacin da tudu ya bushe. Gona ɗaya takan ciyar da manomi da masunci da makiyayi a shekara guda, kowa da lokacinsa.

Fadamar tana da nata dajin. Bagaruwa da giyayya suna son ƙafarsu ta jiƙe na wasu watanni sannan ta bushe. Goruba tana ba da kaba, wadda mata ke saƙa tabarma da faifai da igiya da ita. Dubban tsuntsaye da ke ƙaura daga Turai sukan sauka a nan su yi hunturu.

Bayan Tiga, da kuma farin da ya sake dawowa a shekarun 1980, malalar ruwan ta ragu sosai. Masu bincike sun ƙiyasta cewa filin da ruwa kan rufe ya sauko daga hekta 250,000 zuwa 300,000 a shekarun 1960 da farkon 1970, ya koma tsakanin hekta 70,000 zuwa 100,000 a shekarun baya. Ba Tiga kaɗai ce sila ba. Ƙarancin ruwan sama yana da nasa kaso, haka ma madatsar Challawa da aka kammala a 1992, shekara 12 bayan rasuwar Audu Bako. Kogin Jama'are, wanda ba a tare shi da babbar madatsa ba, shi ne ya ci gaba da kawo yawancin ruwan da ke isa Gashuwa.

Akwai kuma wata illa da ba a hango ba. Madatsa tana rage ruwan damina, amma tana sakin ruwa kaɗan-kaɗan duk tsawon rani. Rassan kogin da a da suke ƙafewa sai suka daina bushewa. Wannan ya yi wa ciyawar kachalla daɗi, ta bazu ta toshe hanyoyin ruwa, taɓo ya taru a gindinta.

Sakamakon haka ruwa ya rasa hanyarsa. Wasu gonaki a wajen Marma suka nutse shekara da shekaru, wasu garuruwan kuma da ke kan rassan da suka toshe suka daina ganin ruwa. Kachallar ta zama masaukin tsuntsayen jan-baki da ke cinye shinkafa da gero. Idan kuma aka yi damina mai ƙarfi madatsun suka cika aka saki ruwa, toshewar takan ƙara wa ambaliya muni, kamar yadda masarautar Haɗeja ta gani a 2020 da 2022.

A 1998 wasu masana biyu, Edward Barbier da Julian Thompson, suka wallafa binciken da ya auna ribar manyan ayyukan noman rani na saman kogin da asarar da fadamar ke yi a noma da su da itace. Sun gano cewa ribar ba ta rufe sai wani ɗan kaso na asarar.

Birniwa da mutanen tudu

Birniwa tana cikin ƙananan hukumomi takwas na masarautar Haɗeja, a kan layin dogon Kano zuwa Nguru, kusa da iyakar Jihar Yobe. Yawancin ƙasarta tudu ce mai rairayi, inda Mangawa da Hausawa da Fulani ke noman gero da wake da riɗi da kiwo. Wanda ya kalle ta zai ɗauka ba ruwanta da abin da ke faruwa a Tiga.

Amma ruwan da ke kwanciya a fadama ba duka rana ke shanyewa ba. Wani yana nutsewa ya ƙara wa ruwan ƙarƙashin ƙasa, wanda rijiyoyin garuruwan da ke kewaye ke ɗiba, kuma saiwar itatuwa ke sha. Idan malalar ta ragu shekara bayan shekara, wannan ajiya ma raguwa take yi.

Haka kuma makiyayin da ya rasa ciyawar rani a fadama dole ya nemi wani wuri, ko ya sassaƙe rassan gawo ya ba dabbobinsa. Manomin da shinkafarsa ta daina yi yakan koma saran itace ya sayar wa motocin da ke kai wa birane. Da filin da kowa ke dogaro da shi ya ƙanƙance, rikicin manoma da makiyaya ya ƙaru a yankin.

Amsar da hukumomi suka bayar a arewacin tsohuwar Jihar Kano, musamman bayan farin 1973, ita ce dashen itatuwa a jere don tare iska da rairayi, yawanci darbejiya da turare. Wasu layukan sun rayu kuma sun yi amfani. Wasu kuwa sun lalace, domin an dasa su ne a matsayin kayan gwamnati, ba na mai gonar da ke kusa ba.

A ƙetaren iyaka, a yankin Maraɗi da Damagaram, manoma sun bi wata hanya daga shekarun 1980. Maimakon jiran dashen hukuma, sai suka riƙa barin tohon kututturan da ke gonakinsu suna gyara shi har ya zama itace. Abin ya bunƙasa ne da manomi ya samu tabbacin cewa itacen da ya raina a gonarsa shi zai amfana da shi. An ƙiyasta cewa ƙasar da ta farfaɗo ta wannan hanya a Nijar ta kai hekta miliyan 5.

Saukarsa da rasuwarsa

Ranar 29 ga Yulin 1975 sojoji suka hamɓarar da gwamnatin Gowon, Murtala Muhammad ya hau mulki, aka sauke dukkan gwamnonin jihohi. Sani Bello ne ya gaji Audu Bako a Kano.

Sabuwar gwamnatin ta kafa kwamitin binciken kadarorin tsoffin gwamnonin. Daga cikin su 12, biyu kaɗai kwamitin ya wanke, wato Mobolaji Johnson na Legas da Oluwole Rotimi na Jihar Yamma. Audu Bako yana cikin goman da hukuncin ya shafa. Wannan bai rage masa ƙima a idon yawancin Kanawa ba, waɗanda suka ci gaba da auna shi da ayyukan da suke gani a ƙasa.

Ya koma tsohuwar Jihar Sakkwato ya kama noma, sana'ar da ya shafe shekara takwas yana kira a koma gare ta. Allah Ya yi masa rasuwa a 1980, bai kai shekara 60 ba.

Shekara guda bayan saukarsa, a 1976, gwamnatin tarayya ta kafa hukumomin raya kogunan ƙasa, Tiga ta koma ƙarƙashin Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are. A 1991 aka ƙirƙiro Jihar Jigawa. Daga ranar, daji da madatsa suka zauna a jiha ɗaya, fadamar kuma a wata, makullin ruwan yana hannun tarayya.

Abin da ya bari

Falgore bai tsira ba duk da dokar da ke kansa. Gwanki da ɓauna da sauran manyan namun da aka san shi da su sun yi ƙaranci ƙwarai. Masu gawayi da masu neman gona da garken shanu sun ci gefensa. A shekarun 2010 ya zama maɓoyar ɓarayin shanu da 'yan fashi, har a 2017 rundunar sojin ƙasa ta mayar da wani sashensa filin atisaye. Waɗanda suka fi shan wahalar rashin tsaron su ne ƙauyukan nan da aka hana shiga dajin tun farko.

A ƙasan kogin, an yi ƙoƙarin gyara. An fara shirin kare fadamar Haɗeja da Nguru a 1987. A 2000 aka sanya tafkin Nguru da Marma cikin jerin wuraren dausayi masu muhimmanci a duniya ƙarƙashin yarjejeniyar Ramsar, dajin Baturiya da ke Kirikasamma ya biyo baya a 2008. Masana sun daɗe suna ba da shawarar a riƙa sakin ruwan madatsun ta yadda zai yi kama da cikar damina, a kuma bar rassan kogin su bushe da rani don a karya lagon kachalla.

A ƙarshen 2020 gwamnatin tarayya ta sanar da amincewa da sabbin gandayen daji na ƙasa guda 10. A cikin jerin akwai Falgore, akwai kuma dausayin Haɗeja. Saman kogin da ƙasansa sun sake haɗuwa a takarda guda, kuma tambayar da ta taso a zamanin Audu Bako ta sake tasowa: mene ne rabon maharbin Doguwa da mai saƙar kaba a Kirikasamma a cikin dajin da za a ƙara tsananta tsaronsa?

Audu Bako ya yi mulki a zamanin da ake yanke shawarar daji da ruwa a ofis, daga baya a sanar da hakimi, hakimi ya sanar da dagaci. A cikin wannan tsari ya yi aikin da har yau ba a samu gwamnan da ya yi kamarsa a Kano ba, kuma miliyoyin mutane suna ci suna sha daga gare shi. Waɗanda suka biya kuɗin aikin da dajinsu da fadamarsu su ne ba a zauna da su ba.

Shi ne kuma gwamnan da ya riƙe kogin a hannu ɗaya, daga duwatsun Riruwai har bakin iyakar Nguru, a lokacin da ake iya tsara shi tun daga tushe. Waɗanda suka gaje shi a Kano da Dutse da Damaturu da Abuja sai sun zauna tare kafin su iya daidaita abin da ya bari, kuma sun fi shi sanin abin da rashin yin hakan ke jawowa.

Allah Ya jiƙansa da rahama.